Shaidun ɗaurin aure: shekara nawa mutum zai kai kafin a ce ya isa?

Tun da samarinmu a nan Kamaru suka fara kai aure meri, wato ofishin magajin gari, bayan an ɗaura a masallaci tambayar nan ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Ango zai ce shi abokinsa na tun yarinta yake so ya sa masa hannu, sai wani ya ce ai yaro ne bai isa ba, a tambayi wani malami ya ce in ya kai 15 shi ke nan, wani ya ce a'a mu a wajenmu 18 ne, a je meri kuma sakatare ya juya kart ɗin yaron, wato katinsa na ɗan ƙasa, ya ce sai 21. Mutane sai su ɗauka ko wani a cikinsu ƙarya yake ko bai sani ba, alhali kowane a cikin ukun yana da inda ya samo maganarsa. Bari mu bi su a hankali don abin yana da tushe, kuma ranar da rigima ta taso ba ƙaramin abu ba ne.

A shari'a tun asali ba da ƙidayar shekaru aka fara ba. Abin da ake nema ga mai shaidar aure shi ne ya zama Musulmi, baligi, mai hankali, adali, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi a nan Garwa da Marwa da Ngaundere har zuwa Kusiri da Njamena, maza biyu ne. Alƙur'ani a ayar bashi, Baƙara 282, cewa ya yi a kafa shaidu biyu daga mazajenku, malamai suka ce kalmar ta fitar da yara, a Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 2 kuma aka ce adilai biyu daga cikinku. Balaga kuwa jiki ne yake faɗarta: mafarki, fitowar gashin mara, ga mace haila ko ciki. Shekaru sai alamomin nan sun ƙi bayyana ake komawa kansu, a ce to ko bai ga komai ba in ya kai kaza an ɗauke shi baligi.

Wajen wannan kazan ne aka rabu. Shafi'iyya da Hanbaliyya da manyan almajiran Abu Hanifa biyu, Abu Yusuf da Muhammad, sun tsaya a 15, hujjarsu hadisin Abdullahi ɗan Umar da ke Bukhari da Muslim, aka gabatar da shi ranar Uhudu yana da 14 Annabi (SAW) bai ba shi izinin fita ba, ranar Handak yana da 15 aka ba shi. Da labarin ya kai ga Umar ɗan Abdul'aziz sai ya ce wannan ce iyaka tsakanin yaro da babba, ya rubuta wa gwamnoninsa. Shi Abu Hanifa da kansa 18 ya ce ga namiji, 17 ga mace. Mu kuma abin da ya shahara a Malikiyya, wanda Shehu Halilu ya kawo a Muhtasar, shi ne 18. Ka ga ke nan wanda ya ce maka 15 daga littafi ya ɗauko, wanda ya ce 18 ma haka, amma duk su biyun in suka tsaya nan sun bar rabin maganar, domin yaro ɗan 14 da ya riga ya yi mafarki baligi ne a wajen kowa, azumi ya hau kansa, alƙalami ya fara rubuta masa.

To tun da haka ne ɗan 14 zai iya shaidar aure ke nan? Nan ne sharaɗin adalci yake shigowa, kuma ni a ganina shi ne ainihin ƙofar da take tsare yara, ba shekaru ba. Adali a wajen malamanmu ba wai wanda ba ya ƙarya kawai ba ne, mutum ne da aka san shi da nisantar manyan zunubai, ba ya dogewa a kan ƙanana, yana da mutunci irin na sa'anninsa na kirki, kuma ba gafalalle ba ne da za a yi abu a gabansa ya kasa riƙewa. Irin wannan suna ba a samun shi a shekara ɗaya bayan balaga. Sai mutane sun yi ciniki da kai, sun ba ka amana, sun ga yadda kake in ranka ya ɓaci. Shi ya sa ko a da, da babu wanda ya san ranar haihuwarsa, ba za ka ga an nuna ɗan samari an ce kai ne shaida ba. Ladan ne, na'ibin liman ne, mai unguwa ne, wani dattijon ɗan kasuwa ne da kowa ya san maganarsa ɗaya ce.

Akwai wuri ɗaya da Malikiyya suka karɓi shaidar yara, kuma ya kamata a san shi don kada a cakuɗa. In yara suna wasa su kaɗai wani ya ji wa wani rauni, ana jin shaidarsu a tsakaninsu matuƙar ba su watse ba kuma babba bai shiga tsakaninsu ya sa musu magana a baki ba. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Zubairu yana hukunci da haka, Risalar Ibnu Abi Zaid ma ta faɗa. Lalura ce ta kawo shi, don manya ba sa zama wajen wasan yara, in aka ƙi jin su jini ya tafi a banza. Aure kuwa babu wannan lalurar, manya ne suke shirya shi, su sa rana, su raba goron gayyata.

Wani abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: a Malikiyya in an ƙulla aure da waliyyi da sadaki ba a kafa shaidu a wurin ba, auren bai ɓaci ba, sai dai ba za a tare ba har sai an kafa su. Ibnu Abi Zaid, wanda ya rasu a 386 bayan hijira, haka ya rubuta a Risala, littafin da duk wanda ya zauna gaban malamin zaure a ƙasar nan ya taɓa ji. In kuwa aka tare babu shaida to raba su za a yi. Kuma waliyyin da ya ba da auren ba ya cikin lissafin shaidu biyun, wannan Halilu ya faɗe shi ƙarara. Sannan ko da shaidun sun cika, in mijin ya ce musu ku rufa min asiri kada kowa ya ji, to ya zama auren sirri, shi ma warware shi ake yi. A Muwaɗɗa an kawo wa Sayyidina Umar auren da namiji ɗaya da mace ɗaya kaɗai suka shaida, ya ce wannan auren sirri ne ba zan zartar da shi ba. Duk wannan yana nuna maka me ake nufi da shaida, a san cewa wance matar wane ce, ta yadda gobe ba wanda zai tashi ya musa.

Yanzu dubi yadda muke yi. Asabar da safe an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida a Hausare ko Yelwa, liman yana tsakiya, wakilin ango da waliyyin amarya sun durƙusa gwiwa da gwiwa, ga ƙwaryar goro ga ledar alawa. Wakili ya ce ina nema wa ɗana wane auren 'yarku wance, waliyyi ya ce na ba shi, a maimaita, a faɗi sadaki a ce lakadan ne ko ajalan, a ƙirga kuɗin a gaban liman. Amma muryoyin nan ƙasa-ƙasa ake yin su, mutum biyar ko shida da ke kusa ne kaɗai suke ji da kunnensu. Sauran ɗaruruwan da suka cika layi har bakin kwalta sai maroƙi ya miƙe ya ɗaga murya ya ce an ɗaura auren wane da wance a kan sadaki kaza, ku shaida, a shafa fatiha, yara su yi wawar alawa, kowa ya nemi takalminsa. In ka tari mutum goma a bakin layi ka ce su wa aka kafa shaidu, mafi yawa za su ce maka ai jama'a duk sun shaida.

A da wannan ya wadatar, kuma fiƙihu bai ƙi shi ba. Malikiyya suna karɓar shaidar ji a kan aure, wato mutane su ce mun daɗe muna ji daga amintattu da waɗanda ba su ba cewa wance matar wane ce, kuma malaman baya sun ce inda adilai suka yi wuya a yawaita shaidu. Gari ƙarami ne, wanda aka haifa a unguwa nan zai tsufa, alkalin Lamiɗo in ya aika a kira liman da mai unguwa kafin azahar sun iso. Yau fa? Ango direban tirela ne tsakanin Ngaundere da Njamena, amarya an kai ta Duwala ko Kye-Ossi, limamin da ya ɗaura ya rasu, rabin waɗanda suka zauna a tabarmar sun watsu, wasu ma rikicin Boko Haram ne ya taso su daga wajen Mora da Kolofata da Fotokol ba su sake komawa ba.

Sai maganar 21, ita daga Faransa ta biyo mu. Kundin dokar Napoleon na 1804 a sashe na 37 ya ce shaidun takardun eta-sibil, wato rajistar haihuwa da aure da mutuwa, sai maza, masu shekara 21 aƙalla, dangi ne ko ba dangi ba, kuma a lokacin shaidu huɗu ake kawowa wajen aure. Mata sai a dokar 7 ga Disamba 1897 aka yarda su sa hannu, a 1919 aka rage shaidun zuwa biyu. Wannan kundin ne Faransawa suka shigo mana da shi, Kamaru ta samu 'yanci 1 ga Janairu 1960, Cadi 11 ga Agusta 1960, kowa ya riƙe abin da ya gada. Su can Faransa a 5 ga Yuli 1974 suka sauke shekarun girma daga 21 zuwa 18, shi ya sa yau ɗan 18 yana shaidar aure a Paris. Mu gyaran bai shafe mu ba don mun riga mun raba gari, sai 21 ɗin ta zauna mana a kundin dokar farar hula.

Dokar eta-sibil ta 29 ga Yuni 1981, wadda aka yi wa gyara a 2011 kafin wata sabuwa ta fito a Disamba 2024, ita ce ta saba mana da tsarin da muka sani a meri: a liƙa sanarwa wata ɗaya kafin ranar, ango da amarya su zo da kansu, a zo da shaidu biyu aƙalla, ɗaya na miji ɗaya na mata, kuma su zama majer, wato waɗanda suka kai shekarun girma a doka. Ba ta faɗi lamba ba, majer kawai ta ce, sai ka koma kundin farar hula ka tarar da 21. Abin da yake rikita mutane shi ne a Kamaru girma ba ɗaya ba ne a gaban doka. Kana da 18 za a yi maka hukuncin babba in ka yi laifi kuma dole ka riƙe kart, kana da 20 za ka yi zaɓe, amma sa hannu a matsayin cikakken mutum mai ikon kansa sai 21. Yaro yana ganin ya yi kart har ya jefa ƙuri'a sai ya ɗauka ya gama isa.

Kuma abin da yake ci min rai a dokar 1981 ɗin nan, ita ce ta ce ana iya aurar da yarinya mai 15, namiji mai 18. Wato wadda za ta ɗauki ciki da raino da zaman gidan miji 15 ta ishe ta, wanda zai sa hannu kawai ya koma gidansu sai ya kai 21. Dokar hukunta laifuka ta 12 ga Yuli 2016 a sashe na 356 ta zo ta sa hukunci a kan wanda ya aurar da yaro ko yarinya ƙasa da 18, Cadi ma a 2015 ta tsayar da 18 ta sa ɗaurin shekara 5 zuwa 10. Wannan ya shafi shaidu kai tsaye ko da ba su sani ba, don wanda ya zauna ya ce na shaida sunansa ya shiga maganar, in ta kai gaban hukuma ba zai ce shi goro kawai ya zo ci ba.

Ba ko'ina ake ƙidaya haka ba. A Ingila tun dokar 1753 ake neman shaidu biyu amma har yau ba a yanka musu shekaru ba, abin da ake dubawa ya fahimci abin da ake yi. Sukotlan da ke maƙwabtaka da su ta ce 16. Cocin Katolika tun 1563 ta wajabta limaminsu da shaidu biyu ko uku, ita ma hankali ta nema ba lamba ba.

To wanne ya fi, lamba ko duba mutum? Kowanne da inda yake yoyo. Lamba tana da sauƙi, sakatare bai san ka ba bai san ubanka ba, kart kawai zai duba, ba zai tambaye ka ko kana salla ko ka taɓa cin amana ba. Shi ya sa za ka ga an zo meri shaidar amarya bai iso ba, mota ta lalace ko ya manta kart a gida, sai a leƙa waje a kira wani mai kilando ko wani da ya zo karɓar takardar haihuwar ɗansa, a ce ɗan'uwa don Allah taimaka ka sa mana hannu. Ya sa, a ba shi na ruwa, ya tafi, ko sunan amaryar bai riƙe ba. A takarda komai ya cika, shekarunsa 30. Sannan ita kanta lambar a ƙasar nan sai a hankali, iyayenmu da yawa kart ɗinsu cewa ya yi an haife su wajen shekara kaza, yara da yawa a Arewa Mai Nisa sai za su zana jarrabawar gama firamare ake nema musu jujman a kotu, hukuncin da ke tsayawa a madadin takardar haihuwa, wasu kuma an rage musu shekaru don makaranta ko neman aiki, abin nan da ake kira shekarun Kumba. Sai ka ga magidanci mai 24 da 'ya'ya biyu kart ɗinsa yana cewa 20, a meri bai isa shaida ba, a masallaci kuwa shi ke jan salla in liman ba ya nan.

Duba mutum kuma, irin na shari'a, ya fi kama gaskiya amma yana buƙatar mutanen da suka san juna, kuma mun mayar da shi sai tsofaffi kawai, kamar furfura ce sharaɗin. Wannan ɓangaren ne ba a cika magana a kai ba, kowa yana tambayar mafi ƙarancin shekaru ba mai tambayar ko shaidan nan zai kai ranar da za a neme shi. Ita shaidar aure ba ranar biki take aiki ba. Tana aiki bayan shekara 20 ko 30, ranar da miji ya rasu aka zo rabon gado, ko za a nemi fansho a CNPS, asusun fanshon ma'aikata, ko wani ya ce sadakin nan ajalan ne ba a taɓa biya ba, ko dangin miji suka ce ai ya sake ta tun tuni, ko suka ce ɗan nan ba a cikin aure aka same shi ba.

Na san wata baiwar Allah, mata ta biyu ce, an ɗaura aurenta a wani ƙauye ba a kai meri ba, uwargida kuwa tana da akt, takardar aure ta meri. Da mijin ya rasu aka ce ta kawo abin da zai nuna ita matarsa ce. Limamin ya rasu, baffanta da ya ba da auren ya rasu, dattawa biyun da suka zauna kusa da liman duk sun riga mu gidan gaskiya. Wanda ya rage yana tuna komai, har launin ledar da aka ƙunso sadakin da adadin kuɗin, ƙanenta ne da yake yaro a ranar, shi ya riƙe ƙwaryar goro. A fiƙihu abin da mutum ya gani yana yaro mai wayo in ya faɗe shi bayan ya girma ana saurare, amma ba shi aka kafa shaida ba a ranar, ga shi ɗan'uwanta ne ciki ɗaya, dangin miji suka ce ai dole ya goyi bayan yayarsa. Ta yi ta zarya da goyo a baya tsakanin fada da kotu kafin a haɗa mata mutanen unguwar da suka san zamansu. Wallahi da an rubuta sunan mutum biyu masu matsakaicin shekaru a ranar ɗaurin auren da ba ta sha wannan wahalar ba.

Akwai kuma bambancin da ya kamata ango ya sani tun kafin ya sa rana. Meri tana karɓar mace a matsayin shaida, tana karɓar uba ko wa ko ƙane, ba ruwanta da addinin mutum. Malikiyya a aure maza biyu Musulmi take nema, Hanafiyya ne suka yarda da namiji ɗaya da mata biyu, kuma a gaban alkali shaidar uba ga ɗansa ko ɗa ga ubansa ba ta wucewa saboda tuhuma. Don haka wanda ya isa a can ba lallai ya isa a nan ba. Yayar amarya mai 25 za ta sa hannu a meri lafiya lau amma ba za ta cike gurbin shaidar masallaci ba, ɗalibin ilimi mai 19 da kowa ya yarda da shi zai iya zama shaida a zaure amma sakatare zai mayar masa da kart ɗinsa.

Ni abin da nake ganin ya fi, kuma ba sabon addini ba ne, a riƙa zaɓen mutum biyu da sunansu tun kafin ranar, waɗanda suka cika sharaɗin ɓangarorin biyu, maza, sanannu da gaskiya, sun haura 21 a kart ba a baki kawai ba, ba uban ango ba ba waliyyi ba, kuma aƙalla ɗaya ya zama sa'an ango ko ya ɗan girme shi, mazaunin gari mai sana'a a wurin da za a same shi. Dattawa su zauna a gaba kamar yadda aka saba, albarkarsu muke nema, amma a matso da waɗannan biyun kusa da liman su ji nema da bayarwa da kunnensu, su ga kuɗin da idonsu, liman ya kira sunansu ya ce wane ka ji, wane ka ji, su amsa. Masallatai da yawa yanzu suna ba da takardar ɗaurin aure, to a cike ta a wurin kafin a watse, a rubuta cikakken suna da lambar kart da unguwa, a rubuta sadaki nawa aka ba da nawa ya rage. Kofi ɗaya wajen ango, ɗaya a ba amarya a hannunta ko a ajiye wajen mahaifiyarta, kada duka su tafi aljihun babbar rigar wakili. Waɗannan mutum biyun dai su za a ɗauka a tafi da su meri in lokacin ya yi, kuma a tuna musu tun daren ranar su duba kart ɗinsu bai mutu ba.